Ɗakin siddabarun fim a Kaduna: hannunsu ya fi kwamfutarsu

A Unguwar Rimi akwai wani ƙaramin ɗakin aiki da wasu matasa suka buɗe domin haɗa wa masu shirya fim abubuwan da ba a samu a zahiri, wato raunuka, jini, fuskar dodo da ɓacewar aljani. Mun ba su aikin wani gajeren fim na ban tsoro, kuma a ganina aikin hannunsu ya ci kuɗinsa, na kwamfuta kuwa da sauran gyara.

Sun fara da ɗaukar zubin fuskar jaruminmu da aljinet, garin nan da likitocin haƙori ke kwaɓawa su ɗauki siffar baki, sannan suka zuba kwaɓaɓɓen garin filasta mai daskarewa a ciki, suka gina kumburi da tsagar goshi da yumɓu a kan siffar, daga nan suka fitar da fatar ƙarya ta silikon. Na nemi a yi da jelatin, wani abu mai danƙo da ake sa wa a kayan zaƙi, saboda ya fi araha, suka ƙi, suka ce zafin watan Maris da na fitilun ɗaukar hoto zai narkar da shi tun ba a gama fitowa ta farko ba, kuma gaskiyarsu ce. Abin da ya fi burge ni shi ne launi. Sun zauna sun haɗa shi da kansu har ya dace da baƙar fatar jarumin, suka kuma sirantar da gefen fatar ta yadda ko da kyamara ta matso dab da goshi ba a gane inda ta ƙarya ta ƙare. Jinin da suka haɗa ruwan sukari ne mai kauri da jan launin abinci da ɗan garin koko, domin ja zalla a hoto sai ya fito kamar zoɓo. Dabarar tsohuwa ce, don ko shahararren darakta Alfred Hitchcock da ruwan cakulan ya yi jini a fim ɗinsa na 1960, tunda hoton baƙi da fari ne. Illarsa kawai ƙuda da tururuwa, waɗanda suka addabi jarumin yana kwance a ƙasa.

Ɓacewar aljani ma ta fito tsaf, amma wannan ba abin mamaki ba ne, tun kafin shekarar 1900 mai shirya fim Georges Méliès na Faransa yake tsayar da kyamara, mutum ya fice, a ci gaba da ɗauka.

Matsalar ta taso ne a dodon da ke shawagi, wanda suka ƙera da manhajar kwamfuta ta Blender suka haɗa shi da hoton da manhajar After Effects. Koren ƙyallen da suka rataya a baya, wanda kwamfuta ke cirewa ta sa wani hoto a madadinsa, duk ya yamutse, hasken da ke kansa bai daidaita ba, har koren ya yi naso a farar rigar jarumar. Dodon kuma ba shi da inuwa a ƙasa, haske na dukansa daga dama alhali fitilar ɗakin tana hagu, saboda haka ido yana ganinsa ya san liƙa shi aka yi. A fim ɗin Jurassic Park na 1993, dabbobin kwamfuta mintuna kaɗan suka yi a allo, sauran kuwa ƙirar hannu ce ta Stan Winston da ma'aikatansa, shi ya sa haske ya zauna a jikinsu daidai. Da sun ba mu shawarar a ƙera kan dodon da hannu, a bar wa kwamfuta goge igiyoyin da za a rataye shi da su kawai, da an fi samun sakamako.

Sun kuma saɓa ranar miƙa aiki, domin kowace daƙiƙa hotuna 24 ce da kwamfuta za ta fitar ɗaya bayan ɗaya, ga ɗauke wuta. Furodusan da ke son rauni, gawa ko fuskar fatalwa zai iya zuwa wurinsu hankali kwance, amma mai shirin fim ɗin jiragen sararin samaniya ya fara neman su nuna masa gwajin daƙiƙa goma kafin ya biya kafin alƙalami.