Yis ɗin Saf-Instant mai ruwan gwal a burodin lemu: ra'ayina

Duk wadda take yin burodi mai zaƙi a gida ta san matsalar nan, ki kwaɓa fulawa ki zuba suga da bota da ƙwai yadda ya kamata, ki rufe ki ajiye, ki dawo bayan awa ɗaya ki tarar kwaɓin yana nan zaune yadda kika bar shi, ko ya ɗan motsa kaɗan kawai. Mafi yawanci sai a ce yis ɗin ne ya mutu, alhali wani lokacin da ransa, sugan ne ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa nake so in yi magana a kan Saf-Instant mai leda ruwan gwal, wanda shi nake amfani da shi yanzu duk lokacin da zan yi naɗaɗɗen burodin nan na lemu, kuma wallahi na ga bambanci.

Ga waɗanda ba su san burodin ba, abincin mutanen Amurka ne, musamman kudancin ƙasar irin su jihar Alabama an san su da shi sosai. Ɗan uwan naɗaɗɗen burodin kirfa ne, kwaɓi ɗaya ne naɗi ɗaya ne, sai dai shi maimakon kirfa, ɓawon lemun zaƙi ake gogawa a haɗa da suga da bota a shafe cikinsa, a naɗe a yayyanka a gasa, sannan a kwarara masa aisin suga da aka dama da ruwan lemu tun yana da ɗumi. To kin ga suga a kwaɓi, suga a ciki, suga a sama.

Kamfanin Lesaffre na ƙasar Faransa ne yake yin Saf-Instant, tsohon kamfani ne tun 1853, shi kuma wannan busasshen yis ɗin da ba sai an jiƙa ba a 1973 suka fito da shi. Kala biyu aka fi gani, ja da mai ruwan gwal, kuma ba ado ba ne kalar, aikinsu ne ya bambanta. Jan na kwaɓin da ba shi da suga sosai ne. Shi kuma gwal ɗin an yi shi ne don kwaɓi mai zaƙi. Dalili kuwa shi ne yis abu ne mai rai kuma ruwa yake buƙata ya yi aiki, suga kuma idan ya yi yawa janye ruwan yake yi, har daga jikin ƙwayoyin yis ɗin, sai su yi laushi su kasa fitar da iskar da take kumbura kwaɓi. Irin da ke cikin ledar gwal yana jure wannan. Da zarar suganki ya kai kashi 10 cikin 100 na nauyin fulawa zuwa sama, a nan za ki fara ganin amfaninsa.

Ga awon da nake yi don a gane abin da nake nufi. Fulawa giram 500, suga giram 90, bota giram 70, ƙwai ɗaya, madara mai ɗumi wajen mil 150, ruwan lemu mil 100, gishiri cokalin shayi ɗaya, yis giram 7 wato cokalin shayi biyu da ɗan ɗoriya. Suga 90 a kan fulawa 500 kashi 18 kenan, ya wuce inda yis na yau da kullum yake sakewa. Da gwal ɗin nan, a lokacin zafi kwaɓina yana ninka kansa cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma tashi ne mai kyau, ki danna yatsa ramin ya dawo a hankali ba ya lotse ya zauna ba. Abin da ya fi burge ni ma tashi na biyu ne, bayan an naɗe an yanka an jera a faranti. A nan ne yawancin yis yake gajiya, saboda sugan da ke cikin naɗin ya fara narkewa yana shiga kwaɓin, amma wannan sai ki ga yankakkun suna cika suna matse juna har babu sauran fili a tsakaninsu, kuma wannan matsewar ce take sa gefensu ya fito da laushi, ki ja ɗaya ya rabu da ɗan uwansa zare zare kamar auduga.

Wani abin kuma da ban cika jin ana faɗa ba shi ne wari. Mu da muka saba da fanke da waina da funkaso mun san warin nan na tsami idan yis ya yi yawa ko kwaɓi ya daɗe. A fanke ba laifi, wasu ma so suke yi. Amma a burodin lemu wannan warin ɓata komai yake yi, don duk wahalar da kike sha saboda ƙamshin lemun ne. Idan yis ɗin bai da ƙarfi dole ki ƙara yawansa ko ki ƙara masa lokaci, kowanne kika yi ƙamshin lemu ne zai biya kuɗin. Da gwal giram 7 ɗin nan ya isa, ba ƙari, sai ki buɗe obin ƙamshin lemu da bota ne kawai yake tashi har maƙota.

Tunda maganar ƙamshi ake bari in tsaya a kan lemun kansa, don ko yis ɗin Faransa ba zai gyara burodin da aka yi da ɓawo mara kyau ba. Ƙamshin ba a ruwan lemu yake ba, a fatar waje yake, wannan ɗan man da yake feshi a ido idan mai lemu yana fere shi. Lemunmu da ake kawowa daga Binuwai, irin wanda ake saukewa a kasuwar 'Yan Lemo a nan Kano, sau da yawa fatarsa kore ce ko ruwan ɗorawa da kore a haɗe ko da ya nuna, kada wannan ya dame ki, ƙamshinsa na nan. Ki zaɓi mai fata sumul wanda bai yi yaushi ba, ki wanke shi sosai da ruwan ɗumi ki goge, sannan ki goga a ƙaramin ramin greta, saman kawai, da kin ga fari ki juya, farin nan ɗaci ne zalla. Lemu biyu zuwa uku manya sun isa wannan awon. Sai ki zuba gogaggen ɓawon a cikin suga ki murza da yatsu har sugan ya yi danshi ya canza kala, kafin ki haɗa da bota mai laushi. Don Allah kada ki tsallake wannan murzawar, ita ce take fito da man.

Yadda ake sa yis ɗin ba wahala, cikin busasshiyar fulawa ake zuba shi a gauraya, ba sai an jiƙa shi ba, kawai dai kada ki zuba gishiri kai tsaye a kansa. Madara ta zama ɗumin da za ki iya barin yatsa a ciki ba ki ji zafi ba, wajen digiri 35 zuwa 40, idan ta kai kusan 60 kashe shi take yi. Ruwan lemu kuma kada a ɗauko shi daga firij a zuba da sanyinsa. A lokacin hunturu, wanda kuma shi ne lokacin da lemu ya fi yawa da araha, ko gwal ɗin sai ya yi jinkiri, zai iya kai awa biyu, sannan iskar tana busar da saman kwaɓi ya yi ɓawo, don haka a shafa mai a rufe da leda ruf a kai shi kusa da murhu. Gashi a digiri 180, minti 20 zuwa 25. Wadda ba ta da obin, babbar tukunya da yashi a ƙasa da ɗan garwashi a kan murfi yana yi, sai dai a rage wutar ƙasa sosai saboda sugan da ke tsiyayowa saurin ƙonewa gare shi.

Yanzu abin da za ki yi la'akari da shi kafin ki saya. Ledar giram 500 ce aka fi samu, an zuƙe iskar ciki ta yi tauri gam, da kin yanka za ki ji fuuu sai ya saki ya zama gari. Idan kika taɓa ledar a shago kika ji ta da laushi tana motsi, iska ta shiga, ki ajiye musu kayansu. Kuma giram 500 yana da yawa ga mai yin na gida, lissafa ki gani, giram 7 duk kwaɓi ɗaya ai ya haura kwaɓi 70. Bayan an buɗe dole ya shiga roba mai murfi ko kwalba busasshiya a sa a firij ko firiza, ga kuma halin wutarmu, firijin da yake yini a kashe ba zai riƙe shi yadda ake so ba. Ni abin da muke yi da ƙawayena masu sana'ar fulawa shi ne mu sayi leda ɗaya mu raba, kowa ta cinye nata da wuri.

Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne sayen na ƙulli. Akwai wani shago da na taɓa karɓar ƙullin leda aka ce min ai gwal ne aka buɗe aka ƙuƙƙulla, na zo gida na gwada shi a ruwan ɗumi da ɗan suga minti goma ko kumfa ɗaya bai yi ba, ya sha rana da iska a kan kantar shagon Allah kaɗai ya san tun yaushe. Abin ya min ciwo sosai don ba ni kaɗai ake sayar wa ba, akwai baiwar Allah da za ta zuba shi a fulawarta da ƙwanta da botarta a wannan tsadar ta yi asara, ta koma tana zargin hannunta. A ƙulli ba ki da hanyar sanin ja ne ko gwal ne ko ma wani kamfani ne daban, kuma ba ki ga ranar lalacewa ba.

Idan gurasa kike yi ko burodin da ba suga sosai, ba sai kin wahalar da kanki neman gwal ba, jan ya wadatar. Amma burodin lemu, donat, burodin madara, duk wani kwaɓi mai suga da bota da yawa, gwal ɗin nake saya kuma shi nake cewa a saya, a rufe, a duba kwanan wata a jikin ledar kafin a miƙa kuɗi.