Sharhi kan manhajar da ke lissafa nisa da lokacin tafiyar jirgin sama

Na sauke wannan manhaja ne sa'ad da nake shirin tafiya daga Landan zuwa New York, domin in san sa'o'in da zan shafe a zaune kafin in tsayar da ranar ganawar da ta kai ni. Amfani da ita ba wuya: mutum ya rubuta haruffa uku na filin tashi da na filin sauka, wato LHR na filin Heathrow da ke Landan da JFK na New York, nan take amsa ta fito.

Ta fuskar nisa ban same ta da laifi ba. Ta ba ni kimanin kilomita 5,550, sannan ta nuna adadin da mil na ƙasa, wajen 3,450, da kuma mil na teku, wajen 3,000, wanda shi ne ma'aunin matuƙa jirgi. Abin da ya fi burge ni shi ne taswirarta. Layin da ta zana ya lanƙwasa ya yi arewa, ya bi ta kusa da Newfoundland a gabashin Kanada, har na ɗauka kuskure ne, sai daga baya na gane cewa tunda duniya mulmulalliya ce, wannan lanƙwasasshen layin shi ne hanya mafi kusa, shimfiɗaɗɗiyar taswira ce take ruɗin ido.

A wajen lokaci ne ta gaza. Ta ce sa'a shida da minti arba'in, zuwa da dawowa duk ɗaya, kuma da alama nisan kawai ta raba da gudun jirgi na kusan kilomita 900 a sa'a, ta ƙara wajen rabin sa'a a kai. Amma a can sama, wajen kilomita 10 daga ƙasa, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, wadda gudunta kan wuce kilomita 200 a sa'a da hunturu. Mai nufar Amurka yana fuskantarta, mai komawa Ingila kuwa tana tura shi. A tafiyar zuwa na ƙura wa allon bayan kujera ido har sa'a bakwai ta wuce ba mu fara sauka ba, a dawowa kuwa ba mu cika bakwai ɗin ba. Ba ta kuma lissafa jiran layi a bakin titin tashi, wanda shi kaɗai ya ci mana fiye da minti ashirin.

Bambancin agogo ma ba ta ambace shi ba ko kaɗan, alhali Landan tana gaban New York da sa'a biyar a mafi yawan shekara. Da ban sake duba tikitina ba, da na gaya wa mai tarbata lokacin da ba shi ba. Har yanzu tana cikin wayata domin nisa da taswira, amma lokacin sauka a jikin tikiti nake karanta shi.