Sharhi Kan Kwafin Ƙoƙunan Kai Na Tsofaffin Dabbobin Teku

Na shafe makonni ina amfani da wani akwati mai ɗauke da kwafin ƙoƙunan kai guda uku, na iktiyosor da filesiyosor da mosasor, wato wasu dabbobi masu rarrafe da suka rayu a teku suka ɓace tun zamanin da, tare da ɗan littafin da ke bayyana dangantakarsu, kuma zan faɗi tun farko cewa ƙoƙunan sun fi littafin nesa ba kusa ba.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na mosasor. Da na kifa shi a tafin hannuna na leƙa ganɗarsa, sai na ga wasu jerin ƙananan haƙora a can ciki, irin waɗanda macizai ke da su, kuma a nan ne na fahimci dalilin da ya sa masana suka sanya shi cikin dangin guza da macizai, ra'ayin da masanin dabbobi ɗan Faransa Georges Cuvier ya ƙarfafa a 1808, lokacin da ya nazarci ƙoƙon kan da aka tono a Maastricht ta ƙasar Holan. Na iktiyosor ma an yi masa aiki da kyau, domin ana iya ƙidaya ɓallin ƙasusuwan da suka kewaye idonsa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya dubi dogon bakinsa zai rantse ɗan'uwan dolfin ne, wato dabbar teku mai shayarwa mai kama da kifi, alhali kuwa rayuwar ruwa ce kawai ta ba su kama, tunda iktiyosor ya ɓace kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce, tun kafin a san da dolfin a duniya.

Inda na samu matsala shi ne littafin. Ya haɗa iktiyosor da filesiyosor a rukuni guda saboda kowannensu na da rami ɗaya a sama bayan ido, kuma ya gabatar da hakan tamkar magana ta ƙare, bayan kuwa masana a yau na ganin cewa kakanninsu ramuka biyu gare su, na ƙasan ne ya ɓace daga baya. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kalmar dainoso da aka rubuta a murfin akwatin, domin babu dainoso ko ɗaya a cikin ukun.

Ina ba malamai da ɗalibai shawarar su nemi ƙoƙunan, amma su tanadi sabon littafi a gefe kafin su fara koyar da rabe-raben.