Makonni uku a Club La Santa, Lanzarote

Ni sana'ata gasar nan ce mai haɗa ninƙaya da tseren keke da gudu, kuma a watan Fabrairu na je Club La Santa, wani masaukin 'yan wasanni da ke tsibirin Lanzarote na ƙasar Sifaniya don shirin gasar Ironman da ake yi a tsibirin cikin watan Mayu: ninƙaya kilomita 3.8, keke 180, gudu 42.2.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne wuraren ninƙaya. Guda uku ne, kowanne tsawon mita 50, a fili ba rufi. Ƙarfe bakwai na safe ina cikin ruwa, tururi na tashi, rana ba ta gama fitowa ba. Daga nan zuwa filin gudu 'yan takawa ne kawai.

Sai dai iska! Ranar da na hau keke ta wajen Timanfaya, tsakanin baƙaƙen duwatsun aman wuta, ta riƙa ture ni gefe har hannuwana suka sage a kan kan keken. Na ji daɗin hakan, don ita zan tarar ranar gasa. Kwana biyu kuma ƙurar Sahara da suke kira kalima ta rufe sama, sak hazon hunturu na gida, maƙogwaro ya bushe.

Wani kamfanin jirgin sama ya lanƙwasa mini giyar keke a hanya. Makanikin wurin ya miƙe ta cikin rabin awa.

Akwai tsada, amma baɗi ma can zan koma, in sha Allahu.