Jakar da ke bakin ƙofata a Tokyo

Yaya, salamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, ya iyali, ya damina? A gaishe min da Inna da kyau, a ce mata ina nan lafiya ƙalau.

Ranar da muka yi waya ta bidiyo ka hango jaka a bayana, jingine da ƙofa, ka ce ko shirin dawowa gida nake yi. Ban ba ka amsa sosai ba saboda layin yana yankewa. Jakar ko-ta-kwana ce. A gidaje da yawa a Japan za ka tarar da irinta kusa da inda ake cire takalma, an haɗa ta an ajiye, domin ranar da ƙasa ta girgiza mutum ya sure ta ya fita ba tare da ya tsaya neman komai ba. Tun daga ranar nake son in zauna in rubuto maka bayaninta, domin duk lokacin da na buɗe ta, Haɗeja nake tunawa da yadda kogi ke yi mana a watan Agusta da Satumba.

Ban kai wata uku da zuwa ba, wani dare wayata ta ɗauki wata ƙara da ban taɓa ji ba, ga murya tana maimaita "jishin desu", wato girgizar ƙasa ce. Kafin in gama fahimta gini ya fara rangaji, kwanuka suna kaɗawa a kicin. Ta wuce ba ta yi ɓarna ba, alhamdu lillahi. Amma da na leƙa waje sai na ga wata dattijuwa maƙwabciyata tsaye da jakarta a baya, takalmi a ƙafa, tocila a hannu. Ni kuwa fasfo ɗina yana cikin akwati a ƙarƙashin gado, cajin wayata ya kusa ƙarewa, ba ni da ko kwalbar ruwa ɗaya a ɗaki. Washegari na fita sayayya.

Mutanen nan sun sha wuya kafin su kai ga wannan hali. Ranar 1 ga Satumba, 1923, girgizar ƙasa da gobarar da ta biyo baya sun hallaka sama da mutum 100,000 a Tokyo da Yokohama, shi ya sa har yau 1 ga Satumba ce ranar shirin tunkarar bala'i a faɗin ƙasar. A wannan mako makarantu da ofisoshi suna atisaye, kantuna kuma su fito da kayan jakar gaba-gaba kamar yadda 'yan kasuwarmu ke fito da dabino da sukari gab da azumi. Sai girgizar Kobe a 1995, wadda ta ci rai sama da 6,400, sai ta 11 ga Maris, 2011, wadda ta taso da igiyar teku, mutum wajen 18,000 suka mutu ko suka ɓace. A 2015 gwamnatin birnin Tokyo ta raba wa gidaje wani ɗan littafi mai ruwan ɗorawa, kyauta, cike da zane-zane, yana koya wa mutum har yadda zai yi amfani da leda ko jarida ya taimaki kansa in bala'i ya faru.

Ruwa ne farko. Shawarar hukuma ita ce lita 3 ga kowane mutum a rana, a tanadi na kwana 3 aƙalla, in da hali na mako guda. Ba duka ake sawa a jaka ba, domin jakar da ba ka iya gudu da ita ba ta da amfani. Namiji dai kada ta wuce masa kilo 15. Kwalba biyu ko uku a jaka, sauran a jere a ƙasan kabad. Akwai ma ruwan da ake sayarwa wanda ke shekara 5 a rufe, amma ya fi na yau da kullum tsada, ni ban ga dalilinsa ba. Ina sayen na kullum, ina shan na gaba, in na sayo sabo in tura shi baya. Haka Inna take yi da buhunan hatsi tun muna yara.

A wajen abinci ne na fi daɗewa ina kallo. Suna da wata shinkafa da aka dafa aka busar aka rufe a leda. Ka zuba ruwan zafi ka jira minti 15 ta zama dafaffiya, in babu wuta ka zuba ruwan sanyi ka jira awa ɗaya. Tana shekara 5 ba ta lalace ba, har da cokali a ciki. Akwai burodi na gwangwani, akwai biskit mai tauri. Fasaha ce ba ƙarama ba, ban raina ta ba. Amma da na zauna na lissafa, kowace leda kusan yen 400 a kuɗin Japan, cin mutum ɗaya sau ɗaya, sai na tuna garin kwaki. Ba ya son wuta, ba ya sa ka jiran awa ɗaya, ka zuba ruwa ka jefa sukari da ƙuli-ƙuli, cikin minti biyu ka ƙoshi, kuma mudu ɗaya zai riƙe mutum kwanaki. Ga dabino, ga soyayyiyar gyaɗa, ga aya, ga dakuwa. Kakanninmu fatake da irin wannan guzuri suka riƙa kaiwa Gwanja sayen goro, da shi wasu suka taka zuwa Makka ta Sudan. Abin da Japanawa suka kashe kuɗi da bincike suka ƙirƙiro, mu yana zube a kowace kasuwar ƙauye. Bambancin kawai, su sun ɗaure nasu wuri ɗaya sun ajiye a bakin ƙofa.

To jakata rabi Japan ce rabi Haɗeja. Dabino ina samu a shagunan halal na unguwar Shin-Okubo. Gari kuwa sai a shagunan 'yan Afirka, kuma kuɗin da nake biya wa ƙullin da bai kai mudu ba, in na faɗa maka za ka ce an cuce ni. Kilishi ne na fi so a ce yana ciki, amma don Allah kada ka ba kowa ya taho min da shi. Dokarsu ta hana shigo da nama daga waje, ko busasshe ne, a filin jirgi karnuka ke shinshina kaya, kuma hukuncin yana da tsanani.

Akwai dalili na biyu da ya sa nake haɗa abincina da kaina. In bala'i ya faru aka tara mutane a matsuguni, abin da aka raba shi kowa zai ci, kuma miyarsu da taliyarsu sau da yawa akwai romon alade ko wani sinadarin giya da suke girki da shi. Na san lalura tana da hukuncinta, amma mutumin da yake da shekara guda ta yin shiri bai kamata ya jefa kansa cikin lalura da gangan ba. Wasu daga cikin ledojin shinkafar nan yanzu suna ɗauke da tambarin halal, su nake zaɓa.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne makewayi. A gida, in ruwan famfo ya ɗauke, masai na nan yadda yake. A nan kuwa kowane bayi da ruwa yake aiki, kuma mutum yana hawa na bakwai. In bututu ya fashe, shi ke nan. Saboda haka suna sayar da baƙar leda da wani gari da ake barbaɗawa ya daskarar da bayan gida ya kashe wari, a ɗaure a ajiye sai motar shara ta dawo aiki. Ana lissafa sau 5 ga mutum a rana. Bayan girgizar yankin Noto ta ranar 1 ga Janairu, 2024, wasu garuruwa sun yi watanni babu ruwan famfo, kuma matsalar bayi tana cikin abin da ya fi gallabar mutane, har tsofaffi suna ƙin shan ruwa don kada su bukaci zagayawa, abin ya zame musu ciwo. Na sayi ledojin da yawa. Na ƙara da 'yar ƙaramar buta ta roba, da ɗan dutse mai tsabta na taimama, domin ruwan lita 3 ba zai ishi sha da alwala biyar ba.

Tocila, batir, usur na kiran taimako in gini ya danne mutum, safar hannu, bargon leda mai ƙyalli da ke riƙe ɗumin jiki, duk na same su a Daiso, kantin da yawancin kayansa yen 100 ne, da haraji 110. Wasu ba su da ƙwari, gaskiya. Tocilar caji da muke saye a kasuwar Sabon Gari ta fi tasu haske. A fannin zama babu lantarki kam, mun yi musu nisa. Da girgizar 2018 ta kashe wutar tsibirin Hokkaido gaba ɗaya, mutane sun yi dogayen layuka don cajin waya kawai, na'urorin biyan kuɗi suka tsaya, mai kati babu tsaba ya rasa abin saye. Abokan aikina suna ba da labarin da fargaba. Ni na san a gida ko yaro ya iya hura gawayi ya dafa shayi cikin duhu. Duk da haka na sa tsabar kuɗi, har da sulalla saboda wayar kan titi, da ƙaramin rediyo mai hannun murzawa wanda ba ya bukatar batir.

Sai takardu. Kwafin fasfo, kwafin katin zama, na inshorar lafiya, lambobin wayarku a rubuce da biro, duk cikin leda mai zif. Wannan ne ya fi tsaya min a rai game da gida. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, cikin dare ruwa ya shiga Maiduguri, mutane suka fita da kayan jikinsu kawai. Wanda ya tsira da rai ya dawo ya tarar takardar fili da shaidar karatu sun zama kunu. A Mokwa ma, cikin Mayun 2025, da asuba ruwa ya zo, sama da mutum 150 suka rasu. Allah Ya ji ƙansu. Yaya, takardun gonar Baba suna ina yanzu? In har suna cikin akwatin ƙarfen nan na ƙasan gado, nan ne ruwa ke fara kaiwa.

Inda suka fi mu nesa ba kusa ba, ba kaya ba ne da ake saye a kanti. Ƙarar wayar nan da na gaya maka, na'urori ne a faɗin ƙasar ke jin motsin farko mai sauri, su aiko da gargaɗi kafin babban ya iso. Daƙiƙoƙi ne kawai, amma sun isa mutum ya shige ƙarƙashin tebur, jirgin ƙasa ya taka burki. Mitar gas ɗin gida da kanta take rufewa in girgiza ta yi ƙarfi. Ranar da na yi rajistar zama a ofishin gunduma, cikin takardun da suka miƙo min akwai taswirar unguwa: inda ruwa zai iya kaiwa mita nawa in kogi ya ɓalle, da makarantar firamaren da zan nufa. A makarantar akwai rumbun barguna da ruwa da abinci. Akwai lamba 171 da mutum zai kira ya bar saƙon murya cewa yana raye, 'yan'uwa su kira su saurara. Mu ma kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da koguna suna fitar da hasashen ruwa, suna lissafa jihohi da ƙananan hukumomi, kuma sau da yawa Jigawa tana ciki. Kowa a garinmu ya san ruwan Tiga da na Challawa ta wajenmu yake bi, ya san kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Abin da ba mu da shi shi ne amsar tambaya ɗaya: in ya zo ƙarfe biyun dare, ta wace hanya za a fita, kuma ina za a kwana? Wannan ba sai an jira gwamnati ba. Mai unguwa da liman da dattawa za su iya zama bayan sallar Juma'a su yanke.

Amma akwai abin da nake tsoro a nan wanda ba na tsoronsa a gida. A Kobe, mafi yawan waɗanda aka zaƙulo da rai daga ƙarƙashin gini, iyalai da maƙwabta ne suka tono su, ba jami'ai ba. Ni kuwa na shekara a benen nan ban san sunan na kusa da ɗakina ba. In na maƙale, wa zai lura ba na cikin waɗanda suka fito? A unguwarmu ba za a yi minti goma ba sai wani ya ce ina Inna. Shi ya sa na fara zuwa atisayen unguwa, na kuma kai wa dattijuwar nan dabino, yanzu muna gaisawa, ta san lambar ɗakina.

Na san akwai wanda zai ce haɗa irin wannan jaka kamar kiran masifa ne, ko raunin tawakkali. Ni ban ga haka ba. Annabi Yusuf, alaihis salam, shekara bakwai ya sa aka tara hatsi a zangarniyarsa kafin yunwa ta zo, kuma babu wanda ya fi shi dogara ga Allah a zamaninsa.

Na turo ɗan abin da ya sawwaƙa jiya. Ka sayi jakar goyo irin ta 'yan makaranta, mai ƙwari. A sa gari da ƙuli-ƙuli da dabino, a riƙa canza su duk wata biyu saboda kada ƙulin ya yi ɗaci. A sa tocila, ashana cikin leda, gishiri da sukari na haɗa ruwan gudawa saboda yara, gidan sauro ɗaya, da kuɗi ƙanana. Maganin hawan jinin Inna na mako biyu ya shiga, tare da takardar da likita ya rubuta sunansa. Takardun gona da na makaranta a ɗauki hotonsu a turo min, asalin kuma a ninka leda biyu a sa ciki. A rataye jakar a ƙusa, sama, kusa da ƙofar zaure, a nuna wa matarka da manyan yara. Jarka biyu ta ruwan sha a ɗora kan benci, kada a bar su a ƙasa.

Sannan ka yi magana da Kawu tun yanzu, tunda gidansa yana kan tudu, a ji ko zai iya ɗaukar ku duka in ta kama. Ka kuma nemi mai Keke Napep ɗaya amintacce wanda zai amsa waya cikin dare, domin Inna ba za ta iya taka wannan nisan ba. Ka faɗa min abin da Kawu ya ce in mun yi waya ranar Lahadi.

Ƙaninka.