Safa biyu ko shimfiɗar takalmi a sanyin Jos?

Duk uwar da ke shirya yaro makaranta da sassafe a Jos cikin Disamba ta san yadda yatsun ƙafarsa ke zama kamar ƙanƙara. Yawancinmu safa biyu muke zura masa, tunda ga na gwanjo nan da araha a kasuwar Katako. Sai dai takalmin kan matse, jini ya kasa zagayawa, ƙafar ta ƙara sandarewa. In safar auduga ce kuma, ta sha gumi ta riƙe danshi.

Shimfiɗar ulu ta cikin takalmi kuwa ta ƙasa take tarewa, inda sanyin simintin aji ke shigowa. A yanke ta da almakashi daidai ƙafa, da dare a ciro ta ta sha iska. Ni dai ita nake sa wa autana da safa ɗaya, muddin takalmin yana da sarari.