Kwana uku da Impala ƙirar 1965: ga kyau, ga shan mai, ga birki mai son lallashi

Mai motar bai miƙo mini makulli ba sai da ya sa na zagaya unguwarsu sau biyu yana zaune a gefena. Dattijo ne ɗan ritaya, yana ba da hayar tsofaffin motocinsa ga masu biki da masu ɗaukar hoto a bayan garin Detroit. Abu ɗaya ya yi ta nanata mini har na fara jin haushi: in riƙa taka birki tun ina ganin da saura. Na ce masa na ji. Washegari na gane ban ji ba.

Dalilin hayar kuwa Kawu ne, ƙanin mahaifiyata, da ya zo mana ziyara Michigan a watan Agusta. Shekarunsa na ƙarfi a bayan sitiyarin Fijo 504 ya ƙarar da su, tsakanin Kaduna da Kano, kuma har gobe a wurinsa duk motar da ba a harhaɗa a Kakuri ba abin wasan yara ce. Zuwansa ya dace da taron tsofaffin motoci da ake yi a titin Woodward ranar Asabar ta uku ga Agusta, wanda aka fara a 1995 don tara kuɗin filin ƙwallon yara a Ferndale, yanzu ya zama jerin gwano na mil 16 har garin Pontiac. Na ce maimakon mu tsaya bakin titi muna kallo, gara mu shiga ciki. Shi ya sa na ɗauko Chevrolet Impala ƙirar 1965, mai ƙofa huɗu, ja mai duhu kamar zoɓon da bai sha ruwa ba.

Da na shigo da ita layinmu Kawu yana tsaye a ƙofar gida da butarsa. Bai ce komai ba. Ya ajiye butar, ya fara daga bambar gaba yana auna ta da taki, ya kai ƙarshen but, ya juyo ya ce, "Kai yaro, wannan ai da ɗan rakiya ake juya ta." Gaskiyarsa. Tsawonta ya kai mita 5.4, faɗinta mita 2, wato ta ɗara 504 ɗinsa da kusan mita guda. Garejina bai rufu a kanta ba, a waje ta kwana dukan kwanakin.

Amma girman ba shi ya kama ni ba, don akwai manyan motoci birjik a titunan nan, akori-kura masu tsayin da sai ka yi tsalle ka hau. Yadda aka shimfiɗa girman shi ne abin kallo. Motar doguwa ce kuma a ƙasa take, rufinta bai kai mini ƙirji ba. In ka tsaya daga gefe ka bi layin jikinta da ido, za ka ga ya taho a miƙe daga fitilar gaba, ya ɗan lotsa a wajen ƙofofi, sannan ya tashi a hankali a saman tayar baya kamar ƙugun doki da ya ƙoshi. Masu harkar suna kamanta wannan siffa da kwalbar Coca-Cola, mai siririn tsakiya. Aikin ɗakin zane na kamfanin General Motors, mai Chevrolet, ne a garin Warren, ƙarƙashin Bill Mitchell, wanda ya gaji Harley Earl a ƙarshen shekarun 1950. Zamanin Earl shi ne na fukafukan baya da ƙarfe mai ƙyalli ko'ina, har abin ya kai maƙura a Cadillac ta 1959. Mitchell ya rage kwalliyar, ya bar ƙarfen jikin ya yi magana. A ganina 1965 ita ce shekarar da ma'aunin ya daidaita: ƙyallin yana nan a bamba da bakin tagogi, amma bai yi yawan da zai sa ka kau da kai ba.

Sai rufin. Wannan shi ne abin da zan daɗe ina tunawa. Samfurin da na ɗauko ba shi da ginshiƙi tsakanin ƙofar gaba da ta baya, gilasan kuma ba su da firam. In ka sauke su duka huɗun, gefen motar ya zama fili ɗaya buɗe daga gilashin gaba har na baya, rufin kamar yana shawagi a kan iska. Kana ciki kamar kana zaune a rumfar ƙofar gida, sai dai rumfar tana tafiya. Gilasan gefen a lanƙwashe suke, abin da ya zo sabo a wannan ƙirar, shi ya sa in an ɗaga su motar ba ta yin kama da akwati. Yau ba a yin irin wannan rufin a motocin talakawa, kuma na san dalili: ginshiƙin nan shi ke riƙe rufi in mota ta kife, shi ke tare ka in an buge ka ta gefe. Na yarda da dalilin. Duk da haka da na koma motata ranar Lahadi sai na ji kamar an kulle ni a kanti.

Daga baya kuma fitilu shida ne zagayayyu, uku a kowane gefe, ta tsakiya ita ce ta ribas. A lokacin wannan alamar matsayi ce: ƙannenta masu araha, Bel Air da Biscayne, bibbiyu aka ba su, saboda haka ko da dare maƙwabci ya san wadda ka saya. A 1966 aka sauya su zuwa dogaye masu kusurwa, shi ya sa masu sha'awa ke gane ta 1965 tun daga nesa. A jikinta akwai ɗan tambarin dabbar da aka ara sunanta, impala, wata irin barewa ta gabashi da kudancin Afirka, tana tsalle. Kawu ya shafa tambarin ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin barewa mai nauyin bijimi biyu ba.

Ciki kuwa falo ne. Kujerar gaba doguwa ce ɗaya daga ƙofa zuwa ƙofa, giya a jikin sitiyari, don haka mutum uku na zama a gaba, uku a baya, babu mai takura wani. Sitiyarin babba ne siriri, ana juya shi da yatsa biyu. Makulli biyu ne, na tayarwa daban, na but daban. Maɓallin ƙara hasken fitila a ƙasa yake, da ƙafar hagu ake taka shi, kuma Kawu ne ya nuna mini bayan na gama laluben dashbod. Rediyo AM kawai. Babu esi, sai ƙananan gilasai masu kusurwa uku a ƙofofin gaba, da ake murɗawa su kwaso iska su watsa maka a ƙirji. Suna aiki sosai in ana tafiya. In an tsaya, ledar kujerar nan a zafin Agusta tana manne wa baya kamar an shafa ƙaro. But ɗin ya cinye kujerun zama huɗu, kula, tabarma, keken ƙaramar 'yarmu, ga safaya taya, kuma da sauran wuri.

Injin V8 ne, wato mai silinda takwas, mai lita 4.6, wanda suke kira 283, ƙarfin doki 195 a takarda. Shi ne ƙaramin V8 na shekarar. Akwai 327, kuma a tsakiyar shekarar aka kawo 396. Giyar mai sarrafa kanta ce, Powerglide, hawa biyu rak. Ka tashi, ta canza sau ɗaya, shi ke nan har inda za ka. Ba ta da zafin tashi, amma ba ta nuna wahala. Ƙarar injin a sulo wani gurnani ne can ƙasa-ƙasa, mai sa madubi rawa kaɗan, kuma na kama kaina ina kashe rediyo don in saurare shi.

Safiyar farko ta ƙi tashi, kuma laifina ne. Mai motar ya ce in taka totur sau ɗaya har ƙasa in saki kafin in murɗa makulli, don cok ya kama. Ni kuwa na yi ta dannawa kamar mai famfon rijiya, har warin fetur ya cika wurin. Kawu ya fito ya tsaya yana kallona. "Ka shaƙe kafireta," in ji shi. "Tashi." Ya zauna, ya danne totur har ƙasa ya riƙe, ya murɗa makulli, ta yi tari biyu ta kama, baƙin hayaƙi ya fita ta salansa. Ya buɗe bonet ya leƙa, ya ga fulogi takwas a fili, ga batir, ga lagireto, ga wurin da mutum zai iya zura hannu har kafaɗa. Ya ce, "Wannan ko a bakin tasha aka tsaya, da sifana uku za a gyara ta." Daga bakinsa wannan babban yabo ne.

A kan babbar hanya tana tafiya kamar kwalekwale a ruwa mai kwanciya. Ramukan titin Michigan, da sanyin hunturu ke farfasawa duk shekara, sai dai ka ji su daga nesa. Don irin wannan tafiyar aka yi ta: dogayen tagwayen hanyoyin da Amurka ta shiga ginawa bayan dokar 1956 ta zamanin Shugaba Eisenhower, da fetur mai arha, galan bai wuce santi talatin da 'yan kai ba. A kwana kuwa sai ta kwanta gefe guda, fasinja ya zame a kan ledar kujera ya iso kafaɗarka. Sitiyarin yana da lako, kana juyawa sai ta ɗan yi shawara kafin ta bi.

Birkin ne ya ba ni tsoro. Na ganga ne a ƙafafu huɗu, irin na zamaninta, kuma nauyin ya haura tan ɗaya da rabi. Ranar Juma'a muna dawowa daga masallaci a Dearborn, danja ta kama, na taka a inda na saba takawa a motata. Ta ci gaba da tafiya. Na danna da ƙarfi, hancinta ya nutsa, muka tsaya tayoyin gaba sun haye layin masu tafiya a ƙasa. Kawu ya dafe dashbod yana salati. Da ya nutsu ya ce, "Dattijon nan bai gaya maka ba?" Na ce ya gaya mini. Daga nan na koma tuƙi irin na direban tirela, ina barin tazarar mota huɗu. Ya kamata mai sha'awa ya sani cewa bututun man birkinta layi ɗaya ne, in ya fashe duka huɗun sun tafi. Sai a 1967 aka koma layi biyu. Bel ɗin kujera na ƙugu ne kawai, babu matashin wuya, balle jakar iska. Saboda haka uwargida ta ce yara su hau a yi hoto a ƙofar gida, amma ba za su bi mu titi ba, ban kuma yi musu ba.

Mai kuwa, raƙumi ne ya samu rijiya. A lissafina lita ɗaya ta kai ni kilomita biyar da ɗoriya, a cunkoson Asabar ma bai kai haka ba. A gidan mai na zagaya ta sau biyu ina neman murfin tanki, wani matashi yana kallona yana murmushi, kafin ya zo ya janyo lambar motar ta baya. A bayanta yake. Wannan ƙishirwar ce ta kashe zuriyar: bayan takunkumin man Larabawa na 1973, layi ya yi tsawo a gidajen mai, masu saye suka juya ga ƙananan motocin Japan, a 1977 General Motors ta rage girman manyan motocinta. Sunan Impala ya ci gaba da yawo a kan wasu motoci har aka rufe shi a Fabrairun 2020 a masana'antar Detroit-Hamtramck, amma waɗancan suna kawai suka gada.

Ranar Asabar muka shiga Woodward da hantsi. Tafiyar ba ta fi ta mai keke sauri ba. Mutane sun jera kujeru a bakin titi tun asuba, da lema da gasasshen nama. Na zaci ba wanda zai kula mu, tunda ga motoci masu tsadar gida a gaba da baya. Ashe tamu ce ke jawo hira. Duk inda muka tsaya sai wani ya matso taga ya ce mahaifinsa ya yi irinta, ko a bayan irinta aka kai shi makaranta, wata tsohuwa ta ce a cikin irinta aka kai ta asibiti haihuwar fari. Ba mamaki: Impala fiye da miliyan ɗaya aka sayar a Amurka a shekarar 1965 kaɗai, adadin da har yau ake ambato. Motar malamin makaranta ce da ma'aikacin masana'anta, wadda aka yi wa suturar masu kuɗi. A nan Kawu ya sauko daga dokinsa. Ya ce haka mutanen gida suke yi in sun ga 504 mai tsabta, kowa da labarin da zai ba ka. Yana sanye da babbar riga da hula zanna, gwiwar hannu a kan taga, yana ɗaga wa jama'a hannu kamar hakimi a hawan sallah, su kuma suna ta ɗaukarsa hoto.

Wajen azahar jar fitilar zafi ta kama, don tsohon lagireto bai son tsayuwa cikin rana. Muka ratse gefe muka buɗe bonet, muka sha ruwa, ita ma ta huce. Minti arba'in muka yi, ba mu kai Pontiac ba.

Zan sake ɗaukar ta haya, musamman in da baƙo ko biki. Saye kuwa a'a. Tana son gareji mai tsawo, da bakanike na kusa, da mutumin da zai ɓoye ta wata biyar saboda gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, wanda ke cin ƙarfen ƙasan mota. Ni ba ni da ko ɗaya. Wanda yake da su, in zai ji shawarata, ya fara da sa birkin faifai a gaba kafin ya taɓa fenti.

Da muka mayar da ita ranar Lahadi da yamma, dattijon ya zagaya ta yana duba jiki, ya tambayi yadda birki ya yi. Na ce lafiya lau. Kawu ya kalle ni ya yi shiru. A hanyar komawa gida cikin motata ya daɗe yana kallon waje, sannan ya ce, "Fijo ta fi ta birki, wannan ko shakka babu." Can kuma ya ce in tura masa hoton nan na wajen fitilun baya, zai nuna wa mutanen tasha.